Ciwon Sukari da Direban Babbar Mota: Sharaɗi Ya Fi Hani

Direban da ya ɗauko tirela daga Apapa zuwa Kano yakan yi kwanaki a hanya, cin abincinsa ba shi da lokaci, barci kuwa sai yadda hali ya yi. Idan yana da ciwon sukari, ya dace a bar masa sitiyari? A ganina a bar masa, amma bisa sharaɗi, domin korarsa daga aiki ta fi jawo haɗari.

Jama'a sun fi tsoron hawan sukari, alhali a kan titi faɗuwarsa ce ke kisa nan take. Idan sukarin jini ya sauka ƙasa da 70 a injin gwaji, wato kimanin 4 a ma'aunin Ingila, sai gumi ya karyo wa mutum, jiki ya ɗau rawa, gani ya yi dishi-dishi, tunani ya rikice, wani har ya suma. Allurar insulin da ƙwayoyi irin su glibenclamide ne ke haddasa haka, musamman ga wanda ya sha magani bai ci abinci ba. Metformin shi kaɗai ba kasafai yake yin hakan ba. Shi kuwa hawan sukari sannu a hankali yake ɓarnarsa: yana lalata ido, yana kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya daina jin yadda yake taka birki. Duk waɗannan abubuwa ne da likita zai iya aunawa, shi ya sa bai kamata a yi wa masu ciwon kuɗin goro ba.

Amurka ta hana masu allurar insulin tuƙa manyan motoci tsakanin jihohi tun 1970, amma a 2018 ta buɗe musu ƙofa, muddin likita zai duba su kowace shekara. Ingila ta buɗe musu ƙofa tun 2011, da ƙa'idoji masu tsauri: direba ya gwada jininsa kafin ya tashi, ya sake gwadawa duk bayan awa 2 a hanya, kuma ya zama cikin wata 12 sukarinsa bai taɓa faɗuwar da sai wani ya kawo masa ɗauki ba. Idan sukarin ya faɗi yana tuƙi, ya tsaya ya sha abu mai zaƙi, kada ya tashi sai minti 45 bayan ya daidaita.

Wani zai ce tankar fetur ba abin gwaji ba ce, suma ɗaya na iya ƙone kasuwa guda. Gaskiya ne, kuma wanda ba ya jin alamun faɗuwar sukarinsa dole ya sauka, ko da ba shi da wata sana'a. Sai dai hani na bai ɗaya ba ya fitar da ciwon daga mota, ɓoye shi yake sa a yi. Magidancin da ya san gwaji zai raba shi da abincin iyalinsa gudun asibiti zai yi, ya ci gaba da tuƙi ba magani ba awo. Batun tsadar kayan gwaji ma gaskiya ne, amma kuɗinsu na wata bai kai na taya ɗaya ba, kuma mai motar ne ya kamata ya biya.

Kira ga hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC da ƙungiyoyin NARTO da NURTW: a kai gwajin sukari da na ido tashoshin manyan motoci, a kuma tabbatar wa direba cewa faɗin gaskiya ba zai raba shi da makullin motarsa ba.