Auren Sha'ir da Danginsa na Daji, da Katangar da Ta Tare Wake

Sanin kowa ne cewa alfadari ba ya haihuwa. Dalilin yana cikin ƙwayoyin halittarsa, inda ake da wasu zarurruka masu ɗauke da gadon iyaye, waɗanda masana ke kira kuromosom. Doki yana da 64, jaki yana da 62, shi kuwa alfadari sai ya tashi da 63, waɗanda ba sa iya jeruwa biyu-biyu yadda za a sami ƙwayar haihuwa. Irin wannan matsala ce ke fuskantar mai binciken da ke son ɗebo ƙarfin tsiron daji ya zuba wa amfanin gona.

Sha'ir, wanda ɗalibai suka fi jin sunansa a babin zakkar fid da kai, yana da kuromosom 14. Kakansa na daji, Hordeum spontaneum, da ke tsirowa a Gabas ta Tsakiya, shi ma 14 gare shi. In aka haɗa su, bakwai na uwa kan jeru da bakwai na uba lafiya lau, 'ya'yan kuma su yi tsaba.

Abin mamakin yana wajen wani ɗan'uwan nasa, Hordeum bulbosum. A 1970 Kasha da Kao na Jami'ar Guelph a Kanada suka bayyana cewa in aka zuba ƙurar furensa a kan furen sha'ir, ɗan tayi kan samu, amma cikin 'yan kwanaki sai kuromosom ɗin na daji su riƙa salwanta, har a wayi gari bakwai na sha'ir kaɗai suka rage. Wato an ɗaura aure, an kuma kori dangin ango tun kafin a watse biki. Sai a 2011 masana a Gatersleben ta Jamus suka nuna musabbabin: kowane kuromosom yana da wani ƙulli inda ake kama shi a ja yayin da ƙwayar halitta ke rabuwa biyu, kuma na dajin kan rasa furotin ɗin da ke wannan ƙulli, mai suna CENH3. Wanda ba a ja shi ba, a baya ake barinsa ya lalace.

Masu kyautata iri sun mayar da wannan gazawa riba. Sukan ciro ɗan tayin su raine shi a kwalba, sannan su jiƙa tsiron da sinadarin kolcisin, bakwai ɗin nan su ninku su koma 14, kowanne da tagwansa sak. Tsantsar irin da a da sai an yi shuka shida ko bakwai kafin a same shi, ga shi a zubi ɗaya.

Ba a cika noman sha'ir a ƙasar Hausa ba, amma wannan tambaya tana da gida a Tarauni. A Titin Sabo Bakin Zuwo ne tashar Kano ta cibiyar binciken aikin gona ta IITA take, inda Dokta B. B. Singh ya shafe shekaru yana fitar da irin wake mai saurin nuna. Wake yana da kuromosom 22, kuma yana karɓar danginsa na kusa da ke tsirowa a dazukan Afirka. Sai dai babbar abokiyar gabarsa, tsutsar maruka mai cin fure da kwanso, ba a sami wani irin wake da ke iya tsaya mata sosai ba. Wani ɗan'uwa na nesa, Vigna vexillata, yana da wannan juriya, kuma shi ma 22 gare shi. Masanan IITA a Ibadan sun yi ta haɗa su, amma ɗan tayin kan mutu cikin kamar mako guda, kwanson ya faɗi. Daidaituwar adadi ba ta wadatar ba, kuma a nan, saɓanin sha'ir, babu ribar da aka tsinta.

Da wannan ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai aka zagaya. An ɗauko ƙwayar gado daga wata bakteriyar ƙasa, Bacillus thuringiensis, aka sa wa wake. A 2019 aka saki irin SAMPEA 20-T, wanda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, ta samar a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku, domin rage yawan feshin da manomi ke yi saboda maruka.