Gwajin CD4: Abin da Jini Ke Faɗa Bayan Yaƙi Ya Katse Magani

Daga Mai Wurno, garin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa a bakin kogi a Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, har ƙauyukan noman auduga na Jazira, mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau sai ya shiga mota zuwa birni kafin ya karɓo maganinsa. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan cikin Afrilun 2023 ya datse wannan hanya. Birnin Wad Madani ya faɗa hannun mayaƙan RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a watan Disamba na shekarar, sojoji ba su ƙwato shi ba sai Janairun 2025. Jama'a suka watse, magani ya yanke wa mutane da dama.

Wanda ya dawo gida yanzu yana iya cewa lafiyarsa lau, tunda yana ci yana sha yana zuwa gona. Amma ido ba mudu ba ne a wannan cuta. Jini ake tambaya.

Cikin fararen ƙwayoyin jini akwai waɗanda ake kira CD4. Su ne ke ba sauran dakarun garkuwar jiki umarnin yaƙar cuta, kuma su ne ƙwayar ƙanjamau ke shiga ta hayayyafa ta kashe. Lafiyayyen mutum yana da kimanin 500 zuwa 1,500 a cikin ɗigon jini da bai kai ƙwayar gero ba. In suka gaza 200, cutar ta yi nisa: tarin fuka da wani irin sanƙarau sun sami ƙofa. A nan likita zai duba waɗannan cututtuka, ya haɗa wa mutum da maganin kariya irin su Septrin.

Akwai gwaji na biyu da ke ƙirga yawan ƙwayar cutar kanta. Tun 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita shi wajen gane ko magani na aiki: ana yinsa bayan wata 6 da farawa, sai wata 12, sannan duk shekara. In adadin ya ci gaba da haura 1,000, ko dai ba a shan maganin kan ƙa'ida, ko ƙwayar ta bijire masa. A 2015 hukumar ta ce a fara ba kowa magani ba tare da jiran CD4 ta sauka ba, amma gwajin CD4 na nan daram ga sabon shiga da wanda ya daɗe bai sha ba.

Yanzu akwai ɗan gwaji mai suna Visitect da ba ya buƙatar lantarki, yana nuna ko mutum ya gaza 200. Irinsa ya kamata a kai ƙananan asibitocin ƙauyukan Sinnar da Damazin.

Sai dai kunya ta fi nisan hanya hana mutane zuwa. Duk wanda ɗan'uwansa ya rabu da magani a gudun hijira, ya rufa masa asiri, ya raka shi a ɗebi jininsa kafin jiki ya kwanta.