Zangon Sigina da Lissafin Eriya

Idan waya ta yi nisa da turken sadarwa, ko tsauni ya gitta tsakaninsu, injiniyoyi kan kafa wata na'ura a tsakiya, ta karɓi sigina ta miƙa gaba, tamkar zango a hanyar fatake. Tun 1971 masani Van der Meulen ya zayyana wannan matsala a lissafi, masana Cover da El Gamal suka faɗaɗa ta a 1979. Hanyoyi biyu suka shahara: ko dai zangon ya warware saƙon ya sake ɗaure shi, ko ya ƙara wa abin da ya ji ƙarfi ya tura yadda yake. A ganina ta biyun, wadda ake rainawa saboda sauƙinta, ta cancanci a zuba mata ilimi, muddin zangon yana da eriya da yawa.

Eriya ɗaya komai a cakuɗe take ji. Idan huɗu ne kuwa, kowacce tana jin saƙon ta wata fuska, domin sigina kan yi karo da gini ko dutse, ya iso a lokuta mabambanta. Binciken masani Foschini a cibiyar Bell Labs a 1996 ya nuna cewa wannan warwatsuwa riba ce, tunda tana ba da damar tura saƙonni da dama a mita guda. Zangon sai ya ba abin da kowace eriya ta ji nauyinsa, ya daidaita lokutansu, ya karkata wutarsa ga hanyar da ta fi kyau. Da yake bai tsaya warware saƙo ba, jinkiri ya ragu, farashin na'urar ma ya sauka, abin da ƙauyen da wayar faiba ba ta kai ba yake buƙata ke nan.

Masu suka na cewa zangon yana ƙara wa hayaniya ƙarfi tare da saƙo. Gaskiya ne, kuma inda sigina ya iso a raunane ƙwarai, warwarewa ta fi. Amma haɗa eriyoyin da kyau yana ɗaga saƙo sama da hayaniyar tun kafin a tura. Sukar da ta fi nauyi ita ce lissafin yana buƙatar sanin halin hanya, alhali mota na wucewa halin ya sauya. Ƙungiyar 3GPP, mai tsara ƙa'idojin sadarwar waya, ta tunkari wannan a ƙa'idojinta na Release 18, inda turken da kansa yake gaya wa zangon inda zai fuskantar da siginarsa da lokacin da zai yi shiru.