Doyar Amurka Ba Doyarmu Ba Ce

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya tsaya a gaban masu kayan miya da kantunan Unguwar Boro, kusa da Sabon Tasha a kudancin kogin Kaduna, zai ji ana ciniki da Hausa da Turanci, har ya zaci Turancin nan zai ishe shi cefane ko'ina. To, ba haka abin yake ba, musamman ga ɗalibai da ma'aikatan da za su fita ƙaro ilmi.

Gyaɗar da muke kira "groundnut", Ba'amurke "peanut" ya san ta. Dawa a nan "guinea corn" ce, a can kuwa "sorghum". 'Yar'uwar gautarmu "aubergine" ce a Ingila, "eggplant" a Amurka. Wanda ya nemi "biscuit" a Amurka kuwa, wani ɗan burodi mai laushi za a miƙa masa.

Babban ruɗanin yana ga doya. A galibin kantunan Amurka, abin da aka rubuta wa "yam" dankalin Hausa ne mai jan ciki, wanda ba ya sakwara. Shi ya sa ma'aikatar aikin gona ta ƙasar ta wajabta a haɗa da sunan dankalin a jikin kaya.

Hatta awo ya sha bamban, domin galan ɗin Ingila ya kai lita 4.5, na Amurka kuwa 3.8. Saboda haka matafiyi ya duba kaya da idonsa kafin ya biya, kada guzurinsa ya tafi a banza.