Gaskiya ko Jita-jita: Zauren Baƙi a Gindin Injinan Iska

A kudu da birnin Gilasgo na ƙasar Sikotland, a kan tudun Eaglesham, akwai tashar lantarki ta Whitelee: injinan iska 215 masu iya ba da megawat 539. In ban da waɗanda aka kafa a cikin teku, babu kamarta a Birtaniya. A 2009 aka buɗe mata zauren baƙi, inda ɗalibai da iyalai kan je su ga yadda iska ke zama wuta. Irin wannan gini akan ɗauka ba ya cutar da muhalli tun da ga inda yake zaune. Maganar tana bukatar a tankaɗe ta.

"Tunda yana gindin injin, wutarsa daga injin take zuwa." Yawanci ba haka ba ne. Wutar da injinan ke samarwa takan bi wayoyin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar tarawa, a ƙara mata ƙarfi, a zuba ta cikin babban layin ƙasa. Kuma injin ba ya fara aiki sai gudun iska ya kai mita 3 ko 4 a daƙiƙa, in ya kai wajen mita 25 a tsayar da shi don kada ya lalace. Ranar da iska ta kwanta, zauren na nan yana son fitila da ɗumi. Shi ya sa magini na ƙwarai yakan fara da rage bukatar ginin: bango mai riƙe ɗumi, tagogi masu fuskantar rana, a toshe duk kafar da sanyi zai shigo. Maginan soro a Kano da Damagaram sun daɗe da sanin amfanin kaurin bango, sai dai su zafi suke tarewa.

"Gini ba ya gurɓata iska sai an fara amfani da shi." Wannan jita-jita ce, kuma ita ta fi damuna. Sarrafa siminti kaɗai na fitar da wajen kashi 8 cikin 100 na hayaƙin kabon da duniya ke fitarwa. Ƙarfe da gilashi ma sai an narka su da wuta mai tsanani. Ke nan tun kafin baƙo na farko ya taka ƙofa, ginin ya ci bashin hayaƙi mai yawa, kuma duk tsimin wutar da zai yi daga baya biyan wannan bashin ne. Katako daga dajin da ake sake shukawa, ko dutsen da aka haƙo kusa, yakan rage nauyin bashin.

A Sikotland akwai ƙarin matsala a ƙarƙashin ƙafa. Tuddan da iska ta fi kaɗawa galibi fadama ce ta baƙar laka, wadda ciyayi suka yi dubban shekaru suna ruɓewa a hankali cikin ruwa har ta taru. Irin wannan ƙasa ba ta wuce kashi 3 cikin 100 na doron duniya ba, amma kabon ɗin da ta ɓoye ya fi na dukkan dazuzzuka. Muddin tana jiƙe, yana nan a kulle. Da zarar an haƙa harsashi ko an ja magudana ta bushe, sai ya fara tashi sama. Don haka ake shimfiɗa wasu hanyoyin a kan lakar ba tare da an tone ta ba, ana kuma toshe tsofaffin magudanu domin ruwa ya dawo. A Whitelee an ware wani babban yanki don farfaɗo da fadamar. A ganina, wurin da aka zaɓa aka aza gini da filin ajiye motoci ya fi kowace na'ura da za a ɗora a rufinsa muhimmanci.

"Wa zai bar gidansa ya je kallon fanka?" Nan kowane ɓangare na da hujja. A Delabole da ke yankin Konwal, inda aka kafa tashar iska ta kasuwanci ta farko a Birtaniya a 1991, an buɗe cibiyar baƙi ta Gaia a 2001, bayan an kashe fam miliyan biyar da wani abu. An sa ran baƙi 150,000 a shekara. Wajen kashi ɗaya cikin goma suka zo, aka rufe ta cikin shekara uku. Abin baƙin ciki ne ƙwarai, domin duk simintin da ƙarfen da aka zuba an zuba su ne don baƙin da ba su zo ba.

Whitelee kuwa tana kusa da babban birni, shiga kyauta ce, ga hanyoyin tafiya da ƙafa da keke da doki fiye da kilomita 130. Mutum zai zo motsa jiki, ya sha shayi, ya leƙa baje kolin. Cibiyar Kimiyya ta Gilasgo ce ke gudanar da zauren, mutanen da koyar da yara ne sana'arsu.

Masu tashar Rampion, mai injina 116 a cikin teku a kudancin Ingila, sun bi wata hanyar. Ba su aza sabon harsashi ba. Sun shiga rumfunan bakan gizo da ke bakin tekun Brighton, inda jama'a ke yawo dama, suka buɗe zaurensu a ciki a 2020. Wanda ya fito daga ƙofar zai iya hango injinan can a kan ruwa, kilomita 13 daga gaɓa.