Shagon da Ba Haraji: Abin da Ya Kamata Matafiyi Ya Sani Kafin Ya Ɗauki Kwalba

Ɗan'uwa matafiyi, da zarar jami'in shige da fice ya buga maka hatimi a fasfo a filin jirgin sama na Legas, ko Accra, ko Addis Ababa, ko Dubai, hanyarka zuwa ƙofar jirgi takan ratsa ta wani shago mai hasken fitilu, inda aka jera turare da agogo da alewa da taba da kwalaben barasa. A saman ƙofarsa an rubuta Duty Free da Turanci, ko Hors Taxes da Faransanci, wato kayan da ba a ɗora musu harajin ƙasa ba. A kan kwalaben nan wannan takarda take magana.

Mun san da yawa daga cikin masu karanta ta ba sa shan giya, addininsu ya hana. Duk da haka maganar ta shafe su, domin sau tari wanda ba ya sha shi ake ba wa saƙo ya taho wa wani da ita, ko kuwa ya sayi tsarabar da ke ɗauke da barasa bai sani ba. Akwai kuma masu sha a cikinmu, lafiyarsu ta dame mu kamar ta kowa.

Me ake nufi da ba haraji?

A filin jirgin sama na Shannon, a ƙasar Ayalan, aka buɗe irin wannan shago na farko a shekarar 1947. Hujjar ita ce, mutumin da ya wuce shige da fice ya kama hanyar barin ƙasa, abin da ya saya ba a cikinta zai yi amfani da shi ba, don haka gwamnati ta yafe harajinta. Shi ya sa mai shago yake neman takardarka ta shiga jirgi kafin ya karɓi kuɗi.

A nan ne matafiya da dama suke kuskure. Ƙasar da ka baro ce ta yafe nata harajin. Ƙasar da za ka sauka ba ta yi maka wani alkawari ba, tana da tata doka da nata kwastan. Mai shago zai sayar maka da iyakar abin da aljihunka ya ɗauka, ba kuma zai raka ka gaban jami'in da ke jiranka a can ba. Sauƙin farashin ma ba kullum yake tabbata ba, don masu shagunan suna biyan haya mai tsada, a jikin kayan kuma suke fanshewa.

Kowace ƙasa da iyakarta

Mai shiga ƙasashen Tarayyar Turai daga waje, in ya kai shekara 17, an yarje masa lita 1 ta barasar da ƙarfinta ya haura kashi 22 cikin 100, ko lita 2 ta wadda ba ta haura haka ba, da lita 4 ta giyar inabi marar kumfa, da lita 16 ta biya. Amurka lita 1 take yafewa, kuma sai ga wanda ya cika shekara 21. Abin da ya wuce iyaka wajibi ne ka bayyana shi ga kwastan ka biya kuɗin fito. In ka ɓoye aka gano, ana iya ƙwacewa a kuma ci ka tara. Nijeriya da Nijar da Kamaru da Chadi da Ghana kowace tana da nata ƙa'idar, kuma akan sauya ta lokaci zuwa lokaci. Ka tambayi ofishin kwastan ko ofishin jakadanci kafin ka tashi. Matambayi ba ya ɓata.

Akwai ƙasashen da ko ɗigo ba a shiga da shi, kamar Saudiyya da Kuwait da Iran da Libiya da Muritaniya. A Saudiyya, wanda aka kama da barasa yana iya fuskantar tara ko ɗauri, a kuma kore shi daga ƙasar. Rasidin shagon filin jirgi ba ya kare kowa. Maniyyaci ko mai Umra da ya yada zango a Alkahira ko Istanbul ya yi hattara da akwatunan cakulan masu ƙyalli, domin wasu an cika cikinsu da barasa. Ka duba bayan kwalin. In ka ga an rubuta liqueur, ko rum, ko whisky, ko cognac, ko alcool, mayar da shi inda ka ɗauko.

A cikin ƙasa guda ma doka takan bambanta. Tun daga Zamfara a shekarar 2000, jihohi 12 na arewacin Nijeriya suka kafa dokokin Shari'a da suka taƙaita sha da sayar da giya, kuma a Kano hukumar Hisba takan kama lodin giya ta farfasa. Wucewa kwastan a Legas ko Abuja bai ba ka izinin yawo da kwalba a ko'ina ba.

Dokar jirgi

Tun shekarar 2006, bayan da aka bankaɗo wani shiri na tarwatsa jirage da sinadarai masu ruwa a Ingila, yawancin filayen jirgi ba sa barin a wuce wurin bincike da abu mai ruwa a mazubin da ya fi mililita 100 a jakar hannu. Don haka ne mai shago yake sa kwalba cikin wata leda ta musamman, ya jefa rasidi a ciki yadda za a iya karanta shi daga waje, ya liƙe. In za ka sauya jirgi a hanya, za a sake bincikenka. Ledar da aka ɓalle ta tashi daga aiki, kwalbar kuma sai kwandon shara. Wasu filayen ma ba sa amincewa da ledar da ta fito daga wasu ƙasashe.

Barasar da ƙarfinta ya haura kashi 70 cikin 100 ba ta shiga jirgi ko kaɗan, don tana kama wuta. Wadda ke tsakanin kashi 24 da 70, lita 5 ce iyakar mutum guda, a cikin kwalbarta ta asali.

Kamfanonin jirage sun hana fasinja ya buɗe tasa kwalbar ya sha a sama, kuma akwai dalili na lafiya. Iskar cikin jirgi daidai take da ta kan dutse mai tsayin mita 1,800 zuwa 2,400, ga ta a bushe. Iskar numfashi da ke cikin jini takan ɗan ragu, zuciya ta ƙara aiki. Barasa tana ƙara wannan nauyi, musamman in mutum ya yi barci a kanta, tana kuma sa yawan fitsari, jiki ya rasa ruwa. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko na huhu shi ya fi shiga haɗari. Wanda kuma ya bugu ya tayar da hankalin mutane, 'yan sanda ne suke tarbarsa a ƙofa.

Kan iyaka da kasuwar jabu

Mafi yawan masu ƙetare iyaka a yankinmu ta ƙasa suke bi: Jibiya zuwa Maraɗi, Illela zuwa Birnin Ƙonni, Gamboru zuwa Fotokol, Kusseri zuwa Njamena. A tashoshi da kasuwannin irin waɗannan hanyoyi za ka iya cin karo da mai tallar kwalba mai babban suna a rabin kuɗinta, yana rantsuwa daga filin jirgi ta fito. Kayan da aka yafe wa haraji ba a yi su don kasuwa ba. Wanda ka gani a tebur, ko dai fasa-ƙwauri ne, ko kuwa tsohuwar kwalba ce aka wanke aka ɗura mata wani abu. Araha ba ta ado.

Abin da aka fi tsoro a barasar jabu shi ne sinadarin metanol, wanda ake amfani da shi a masana'antu wajen haɗa fenti da man goge-goge. Kamanninsa da warinsa ba su da bambanci da barasar sha, ga shi da arha, shi ya sa maha'inta suke garwaya shi. In ya shiga jiki, hanta takan mayar da shi guba mai lalata jijiyar gani da ƙwaƙwalwa. Abin da bai wuce cokali guda ba yana iya makantar da mutum, cokali biyu ko uku kuma yana iya kisa. A shekarar 2015 mutane da dama sun mutu a jihohin Ondo da Ribas bayan sun sha ogogoro mai metanol. A watan Nuwamba na 2024 baƙi 'yan yawon buɗe ido shida suka mutu a garin Vang Vieng na ƙasar Laos ta wannan hanya.

Makircin gubar shi ne jinkiri. Da farko mutum ba ya jin komai sai maye. Bayan awa 12 zuwa 24 sai ciwon kai da amai da ciwon ciki da haki su taso, gani ya dushe kamar ana kallo ta cikin hazo. A lokacin mai yiwuwa matafiyi ya riga ya ƙetare iyaka, yana wani gari inda ba wanda ya san abin da ya sha. In ka ga waɗannan alamu a jikinka ko jikin abokin tafiya, a garzaya babban asibiti nan take. Kada a jira gari ya waye, kada a ba shi madara ko manja da sunan karya guba. A gaya wa likita gaskiya, a kai masa kwalbar in tana nan, a kuma nemo duk wanda suka sha tare. Akwai magani, har da wankin jini, amma sai an zo da wuri yake ceton ido da rai. Kunyar faɗa ta sha jawo asarar da ba ta gyaruwa.

Ta gaskiyar ma ba ta da tabbas

Kwalbar da ta fito daga shago mai lasisi ta kuɓuta daga metanol, amma barasa ce dai. Shagunan filin jirgi sun fi sayar da kwalba mai lita 1. In ƙarfinta kashi 40 ne, akwai mililita 400 na tsantsar barasa a ciki, kwatankwacin abin da ke cikin manyan kwalaben biya 13. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, kimanin miliyan 2 daga cikinsu maza. Tun 1988 cibiyar binciken ciwon daji ta hukumar ta sa barasa a sahun farko na abubuwan da ke haddasa cutar, sahu ɗaya da taba. Tana da hannu a dajin baki da maƙogwaro da hanta da hanji da nono. Tsadar kwalba ba ta rage wannan ko kaɗan.

Akwai waɗanda haɗarinsu ya ninka. Ciwon hanta nau'in B ya yawaita a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da yawa suna ɗauke da shi ba su sani ba, barasa kuwa tana gaggauta lalacewar hantar da ta riga ta raunana. Haka mai shan maganin tarin fuka, da mai yawan shan farasitamol. Mai ciwon suga da ke allurar insulin, sugansa yana iya faɗuwa warwas, a ɗauka maye ne alhali suma ce. Haɗa barasa da taramol, ko kodin, ko ƙwayar barci yana iya tsayar da numfashi. Mai shan Flagyl ya nisance ta har kwana biyu bayan ya gama. Mace mai ciki kuwa, abin da ta sha yana isa ga jaririn, babu kuma wani adadi da aka tabbatar ba ya cutar da shi.

Direbobi da masu babur, ku sani hanta tana ɗaukar fiye da awa biyu kafin ta sarrafa barasar da ke cikin babbar kwalbar biya guda. Goro da shayi mai kauri da wanka da ruwan sanyi suna buɗe ido, amma ba sa fitar da ita daga jini. Wanda ya sha da dare yana iya kama sitiyari da asuba da sauranta a jikinsa.

Saƙo da tsaraba

Duk abin da ke cikin jakarka, a idon doka naka ne. Kada ka karɓi ƙulli ko kwalba daga hannun kowa a filin jirgi ko tasha, ko da ya haɗa ka da Allah, sai ka buɗe ka gani. Masu safarar ƙwayoyi sun sha narkar da hodar iblis a cikin kwalaben barasa, su ba mutumin kirki ya ɗauka. In maigidanka ko abokin cinikinka ya roƙe ka ka taho masa da ita, kana da damar ka ba shi haƙuri. Dokar ƙasar da za ka ratsa ta ishe ka hujja.

In ka isa gida da kwalba, ko da turare mai barasa, ko ruwan goge hannu, ka ɗora su inda hannun yaro ba ya kaiwa. Kurɓa kaɗan tana iya kayar da sugan jinin ƙaramin yaro har ya shiga jijjiga. In hakan ta faru, asibiti kai tsaye.

Wanda kuma ya lura sha ya fara fin ƙarfinsa, hannunsa na rawa da safe, ko ba ya samun barci sai ya kurɓa, kada ya yanke lokaci guda shi kaɗai a kan hanya, domin hakan yana iya jawo jijjiga da ruɗewa. Ya je wurin ma'aikacin lafiya a kowane ɓangare na iyaka yake. Za a saurare shi cikin sirri, a nuna masa yadda zai daina ba tare da ya cutu ba.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo da kai lafiya.