Tsibirin Ƙaguwa da Lissafin Wutar Jirgi

Kuala Lumpur, babban birnin Malesiya, ba ta da teku, amma tana cin kifin teku kullum. Wani kaso nasa daga Pulau Ketam yake fitowa, wato Tsibirin Ƙaguwa, ƙauyen masunta 'yan asalin Sin da ke gaban tashar ruwa ta Klang. Daga birnin ana hawa jirgin ƙasa zuwa bakin tashar, sannan a shiga jirgin fito. Gidajen ƙauyen a kan turaku suke, saman taɓo, kuma babu mota ko ɗaya, sai kekuna. Jiragen masuntan na nan ɗaure a gindin gidaje, suna hawa suna sauka tare da ruwa, ana ta loda musu ƙanƙara kafin fita. A irin wannan wuri, tambayar ko jirgi na buƙatar janareta magana ce ta abin da zai rage a aljihu bayan an sayar da kifi.

A ganina, jirgin da ke fita ya dawo cikin yini ɗaya ba ya buƙatarsa. Me yake kunnawa? Fitilun gefe, rediyon kira, na'urar nuna hanya, na'urar gano kifi, da famfon kwashe ruwa. Duk waɗannan, batir mai bolt 12 ko 24 na ɗaukar su, kuma injin jirgin yana cajin batirin muddin yana tafiya, kamar dai a mota. Sanyaya kifi kuwa aikin ƙanƙara ne. Ƙara janareta a nan ƙara inji na biyu ne mai shan mai, mai cin wuri, wanda gishirin teku ke ci da tsatsa, hayaƙinsa kuma na iya kashe mai barci a rufaffen ɗaki ba tare da ya ji warin komai ba.

Za a ce mai ai da araha. Gaskiya ne, lokacin da gwamnatin Malesiya ta janye tallafin dizal na kowa da kowa a Yunin 2024, lita ta koma ringgit 3.35, an bar wa masunta masu rajista nasu a 1.65. To amma arahar da gwamnati ta bayar, gwamnati na iya karɓewa. Mutanen Najeriya sun ga haka a 2023. Za a kuma ce in da farantin sola za a caja batir, hadari kan rufe rana a damina, farantin ya kasa. Shi ya sa bai kamata sola ta tsaya ita kaɗai ba, mataimakiyar inji ce idan jirgi na tsaye. Kuma ƙarfinta ba zance ba ne: jirgin kwashe shara da ƙungiyar The Ocean Cleanup ta girke a kogin Klang a 2019 da hasken rana da batir yake aiki.

Inda hujjar janareta ta tsaya da ƙafarta shi ne jirgin da ke kwanaki a teku da firiza, da mai kunna manyan fitilu da dare don janyo sotong, wata halittar teku mai hannuwa da yawa. Waɗannan, batir ba ya ɗaukar su.

Masuncin Yawuri ko na Baga da ke shirin sayen janareta, ya fara ƙirga abin da zai kunna da awannin da injinsa zai yi a kashe. In fitila ce da cajin waya, batir mai kyau da faranti ɗaya sun ishe shi.